Luwiziyana: Kogi Ya Gina Ta, Jinga Na Cinye Ta

A birnin New Orleans, cikin watannin Afrilu da Mayu lokacin da ƙanƙarar arewa ta narke kogin Misisipi ya cika ya batse, mutum na iya tsayawa a titi ya ɗaga kai ya hangi jirgin ruwa yana wucewa a samansa. Ruwan kogin ya fi titin bisa. Kusan rabin birnin yana ƙasa da matakin teku, kuma abin da ya raba mutane da ruwan shi ne jinga, wata ta ƙasa wata ta kankare, sai manyan injinan zuƙe ruwa da ake tayarwa duk sa'ar da sama ta zubo. A ganina duk mai son fahimtar jihar Luwiziyana daga wannan jingar ya kamata ya fara. Wa ya gina ta, wa ta kare, wa aka bari a bayanta, kuma me ta hana kogin yi: amsoshin waɗannan su ne tarihin jihar, har da abincinta da kiɗanta.

Jihar tana can kudancin ƙasar Amurka, a bakin Tekun Meziko, Teksas na yamma da ita, Arkansas na arewa, jihar Misisipi na gabas. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 135,000 ne, mutanenta kuma a ƙidayar 2020 sun ɗan haura miliyan 4.6, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙar fata. Fadar gwamnati tana Baton Rouge. Wurin da ya fi ko'ina tudu a jihar, wanda suke kira dutsen Driskill, tsayinsa mita 163 ne kacal. Arewacin jihar, wajen Shreveport da Monroe, ƙasar tudu ce mai dazukan katako da gonakin auduga, mutanenta galibi Furotesta masu jin Ingilishi, ba su da wani bambanci da maƙwabtansu na Arkansas. Kudancin ne ya fita daban: Katolika, sunayen Faransanci, rake, shinkafa, kadoji, da ruwa ta kowace fuska.

Wannan kudancin kogi ne ya haife shi. Misisipi na tattaro ruwan kusan kashi 41 cikin 100 na babban yankin Amurka, daga jihohi 31 da larduna biyu na Kanada, ya zo ya juye shi ta ƙofa ɗaya. Da ruwan yake tahowa da laka da rairayi. Duk manomin fadama ya san abin da ambaliya ke bari idan ta janye, wato sabuwar ƙasa mai taushi a kan tsohuwa. Haka Misisipi ya yi ta yi kusan shekara 7,000, yana shimfiɗa laka a cikin teku har ta zama ƙasa. Idan hanyar da yake bi ta yi tsawo ta cushe, sai ya fasa gefe ya nemi gajeriya, abin da ke faruwa kusan sau ɗaya a shekara dubu. Ƙasar da ya baro a baya takan fara lotsawa, domin laka ce ɗanya mai matsewa da nauyin kanta, amma a sabon wurin wata na tasowa. Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, ƙasar kullum cikin nutsewa take, ambaliyar shekara-shekara ce ke cike gurbin. Na biyu, wurin da ya fi tudu shi ne bakin kogin kansa, inda rairayi mai nauyi ke fara zuba. Da ka yi nisa da kogin sai ƙasa ta gangara ta zama dausayi. Shi ya sa garuruwa da gonaki suka jeru a gaɓar kogi kamar tsakiya a zare.

Mutanen farko na wurin sun zauna da ruwan yadda yake. A arewa maso gabashin jihar akwai Poverty Point, inda wata al'umma ta tara manyan tuddai da ganuwoyin ƙasa tsakanin shekara ta 1700 da 1100 kafin haihuwar Annabi Isa, wurin da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Daga baya akwai ƙabilun Chitimacha da Houma da Tunica da Caddo da Choctaw. Kalmar bayou, da ake kiran ƙoramu masu tafiyar hawainiya da ita a duk faɗin jihar, daga harshen Choctaw ta fito.

Bafaranshe La Salle ya gangaro kogin har bakin teku a 1682, ya ce duk ƙasar ta sarkinsa Louis na 14 ce, daga nan sunan ya samo asali. A 1718 wani Bafaranshe, Bienville, ya kafa New Orleans a wata kwanar kogin, shekara na zagayowa ruwa ya shiga garin. Nan aka fara jinga. Hukumar Faransa ta shimfiɗa doka cewa duk wanda aka yanka wa gona a bakin kogi, shi zai gina jingar gabansa ya kuma riƙa gyara ta. To amma wa zai ɗauki ƙasar? A 1719 jiragen bayi na farko suka iso, kuma zuwa 1731 an kawo kusan mutum 6,000 daga Afirka, kashi biyu cikin uku daga yankin Senegal da Gambiya: Bambara, Wolof, Mandinka da Fulani. Jiragen farko sun zo har da irin shinkafa da mutanen da suka iya noma ta. Wannan shinkafar ce ta riƙe baƙin Turawan a shekarun da alkama ta ƙi yi a ƙasa mai dausayi. Mutanen da suka san yadda ake tare ruwa a fadamun kogin Senegal su ne suka tare Misisipi da kwando da shebur.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye. Magatakardan Faransa da na Sifaniya, saɓanin na Ingilishi, sukan rubuta ƙabilar bawa a takardar ciniki ko ta rabon gado. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta shafe shekaru tana tattara waɗannan takardu daga kotunan jihar, ta fito da bayanan mutum kusan 100,000. A cikin waɗanda aka rubuta asalinsu, sama da ɗari an ce Hausawa ne, ban da Fulani da Yarabawa da Ibo da mutanen Kwango masu ɗimbin yawa. Hausawan galibi maza ne, sun biyo ta tasoshin gaɓar tekun Benin a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Ina yawan tunanin waɗannan mutane. An canja musu suna, an sa su yankan rake, amma da aka tambaye su ko su wane ne, sun faɗa. Kuma gaskiya ta wajabta a ce kafin su kai hannun Bature sun bi ta hannun mutanen nahiyarmu, a zamanin da mu ma muke da rinji da kasuwar bayi. Har yau a New Orleans ana kiran ɗan ƙullin da mutum ke ratayawa don kariya gris-gris, kalmar da ta zo daga Afirka ta Yamma, asalinta kuwa laya ce.

A 1762 Faransa ta miƙa yankin ga Sifaniya, wadda ta riƙe shi kusan shekara arba'in. Zamanin nan ya bar alamomi masu yawa. Gobarar 1788 da ta 1794 sun cinye tsohon birnin, don haka gine-ginen unguwar da ake kira ta Faransawa yau yawancinsu na zamanin Sifaniyawa ne ko bayansa. Dokar Sifaniya ta ba bawa damar fansar kansa, abin da ya yi kama da murgu da fansa a ƙasar Hausa, sai aka samu al'umma babba ta baƙaƙe da ruwa-biyu 'yantattu, masu sana'a da gidaje da ilimi. A lokacin ne kuma Akadiyawa suka iso, manoma masu jin Faransanci da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun 1755. Sun zauna a ƙoramu da filayen kudu maso yamma, sunansu ya lanƙwashe a baki ya koma Cajun. Kalmar Creole kuwa da farko tana nufin duk haifaffen ƙasar, fari ko baƙi, kuma har yau ana jayayya kan wanda ya fi cancantar ta.

Abin da ya juya komai shi ne sukari. A 1795 Étienne de Boré ya yi nasarar dafa ruwan rake ya zama sukari mai tsaba a gandunsa kusa da New Orleans, da taimakon gwanaye daga tsibirin Saint-Domingue, inda bayi suka tayar wa Faransa tun 1791. Wannan tawayen, wanda ya haifi ƙasar Haiti, shi ne kuma ya sa Luwiziyana ta zama ta Amurka. Napoleon, mai mulkin Faransa a lokacin, ya karɓo yankin daga Sifaniya da niyyar ya riƙa ciyar da tsibirin sukarinsa daga nan. Da sojojinsa suka ƙare a Haiti, ga takobi ga cutar shawara, sai yankin ya zame masa kaya, ya sayar wa Amurka a 1803 kan dala miliyan 15. Ƙasar da aka sayar ta haura murabba'in kilomita miliyan 2, ta sa faɗin Amurka ta wancan lokaci ya kusa ninkawa. Jihar Luwiziyana ta yau, wadda ta zama jiha ta 18 a 1812, gutsuren kudancinta ne kawai. A 1809 zuwa 1810 kuma 'yan gudun hijirar Saint-Domingue kusan 10,000 suka kwararo ta Kuba, suka kusa ninka yawan mutanen New Orleans, suka ƙara wa Faransanci ƙarfi a daidai lokacin da Ingilishi ke shigowa. Shi ya sa har gobe dokar jihar kan gado da aure da ciniki tana bin tsarin Faransa da Sifaniya, ita kaɗai a Amurka, kuma ƙananan hukumominta 64 ana kiransu da sunan gundumomin coci.

Noman rake a Luwiziyana aikin kisa ne. Rake shukar ƙasa mai zafi ce, a nan kuwa sanyin hunturu na iya ƙone shi dare ɗaya, don haka daga Oktoba zuwa Disamba ake yanka da matsa da dafawa dare da rana ba hutu. A gandayen rake mace-macen bayi sun fi haihuwa yawa, abin da ba a gani ba a yankunan auduga da taba. Bayan Amurka ta haramta shigo da bayi daga waje a 1808, sai aka koma sayo su daga Virginia da Maryland ana gangarowa da su kudu, a raba uwa da ɗa, New Orleans ta zama kasuwar bayi mafi girma a ƙasar. A 1840 ita ce birni na uku a yawan jama'a a Amurka. A 1860 bayi a jihar sun haura 331,000, kusan rabin mutanenta.

Ba su zauna sun zuba ido ba. A daren 8 ga Janairu 1811, wani bawa mai kula da aikin 'yan'uwansa, Charles Deslondes, ya jagoranci tawaye daga wani gandu da ke gaɓar kogi sama da New Orleans. Ɗaruruwa suka bi shi da addunan yankan rake, suna bin hanyar bakin kogi zuwa birni. Cikin kwana biyu sojoji da masu gandu suka murƙushe su. Turawa biyu suka mutu, bayi kuwa kusan 95, wasu a fagen fama wasu bayan shari'ar gaggawa. Aka sare kawunansu aka kafa a kan sanduna a jere a bisa jingar, wadda su da iyayensu suka tara ƙasarta.

Yaƙin basasa tsakanin jihohin arewa da na kudu ya zo, New Orleans ta faɗa hannun sojojin arewa tun Afrilun 1862, bauta ta ƙare. Na ɗan lokaci an ga haske: baƙaƙe sun yi zaɓe, sun shiga majalisa, kuma a ƙarshen 1872 P.B.S. Pinchback ya riƙe kujerar gwamna na 'yan makonni, baƙin mutum na farko da ya yi haka a Amurka. Da jini aka kashe wannan hasken. A Colfax a 1873 an kashe baƙaƙe da dama a harabar kotu, a Thibodaux a 1887 an harbe ma'aikatan rake masu yajin aiki. A 1892 Homer Plessy, wani mai gyaran takalmi ɗan New Orleans, ya shiga taragon Turawa da gangan domin a gwada dokar wariya a kotu. A 1896 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce wariyar halal ce, hukuncin da ya ɗaure baƙaƙen kudu gaba ɗaya fiye da rabin ƙarni. Tsarin mulkin jihar na 1898 ya ƙarasa aikin. Baƙaƙe masu rajistar zaɓe sun kai kimanin 130,000 a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Shi wannan tsarin ne ya halatta a ɗaure mutum ko da masu taya alƙali yanke hukunci ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, don kada muryar baƙi ɗaya ko biyu a cikinsu ta yi tasiri, kuma sai a 2018 masu zaɓe suka soke wannan. Babban gidan yarin jihar, Angola, tsohon gandun bayi ne mai faɗin eka 18,000, kogi ya kewaye shi ta fuska uku, fursunoni kuma, galibinsu baƙaƙe, har yanzu suna noma a cikinsa.

Duk da haka, a cikin wannan matsi ne aka ƙirƙiri abubuwan da duniya ta san jihar da su. Tun zamanin Faransawa ana barin bayi su huta ranar Lahadi, suna taruwa a wani fili a bayan gari suna ciniki da kiɗa da rawa, filin da ake kira Congo Square. A yawancin sauran jihohin kudancin ƙasar an hana bayi ganga. A nan an ji ta a fili har tsakiyar ƙarni na 19. Da wannan kiɗan ya haɗu da kakakin badujalar soja da waƙoƙin coci da na ma'aikatan gona, sai kiɗan jaz ya fito a farkon ƙarni na 20, Louis Armstrong, haifaffen birnin a 1901, ya kai shi duniya. Abin da ya fi burge ni shi ne tushen jerin gwanon da ake yi da kiɗa a titunan birnin. Kamfanonin inshora sun ƙi karɓar baƙaƙe, sai suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa na zuba ɗan abin da ya samu kamar adashi, a biya wa mara lafiya magani, a yi wa mamaci sutura. Rakiyar gawa da 'yan busa daga nan ta fito, kuma ƙungiyoyin suna nan suna fita kusan kowace Lahadi. Bikin Mardi Gras, wanda ake yi kafin Kiristoci su shiga azuminsu, shi baƙi suka fi sani, amma waɗannan fitowar ta unguwa su ne na 'yan gari.

Tukunya ma tana ba da labarin. Miyar da jihar ke alfahari da ita, gumbo, sunanta daga kalmar kuɓewa ya fito a harsunan yankin Kwango da Angola. Wasu na kaɗa ta da kuɓewa, wasu da garin busasshen ganyen wani itace da suka koya daga Choctaw, kusan yadda muke yi da kuka, wasu da fulawa soyayya a mai irin ta Faransawa, a zuba a kan shinkafa da kaza ko jatan lande ko kawa. Jambalaya kuwa duk wanda ya taɓa cin dafa-duka zai gane 'yar'uwarta. Harshen Faransanci bai yi sa'ar da abincin ya yi ba. Tsarin mulkin 1921 ya mayar da Ingilishi harshen makaranta, aka riƙa hukunta yaran Cajun da Creole idan suka yi harshen gida, har iyaye suka daina koya wa 'ya'yansu don kunya. A 1968 jihar ta kafa hukumar farfaɗo da harshen, CODOFIL, amma an riga an yi asarar zuriya biyu.

Mu koma ga kogin. Bayan yaƙin basasa gwamnatin tarayya ta shiga aikin, injiniyoyin sojan Amurka suka tsaya kan ra'ayin cewa jinga kaɗai ta isa, a toshe duk wata kafa da kogin ke fita ta gefe. A 1927 kogin ya ba su amsa. Ruwa ya shafe kimanin murabba'in kilomita 70,000 a jihohi da dama, mutum sama da 600,000 suka rasa matsuguni. A Greenville ta jihar Misisipi an tsare baƙaƙe a kan jinga da bakin bindiga suna cika buhunan yashi. A Luwiziyana kuwa manyan 'yan kasuwar New Orleans suka matsa aka fasa jingar Caernarvon da nakiya, a ƙasa da birnin, don ruwa ya ragu a kansu. Ruwan ya bi ta kan gidajen masunta da mafarauta kusan 10,000 na St. Bernard da Plaquemines. An yi musu alkawarin diyya, kaɗan suka samu abin kirki, daga baya kuma ta tabbata cewa ko ba a fasa ba birnin zai tsira, domin jinga ta riga ta ɓalle a wurare da dama can sama. Fushin talakawa kan wannan na cikin abin da ya ɗora Huey Long a kujerar gwamna a 1928. Ya shimfiɗa tituna, ya gina gadoji, ya raba wa yara littattafai kyauta, ya yi faɗa da kamfanin mai na Standard Oil, ya kuma mulki jihar da hannun ƙarfe har aka harbe shi a ginin majalisa a 1935.

Bayan 1927 aka ƙara wa jinga tsayi, aka yi wa kogin ƙofofin gaggawa a Bonnet Carré da Morganza. Sai wata matsalar ta taso. Lokacin sauya hanyar kogin ya yi, yana ta karkata zuwa wani reshensa mai suna Atchafalaya, wanda hanyarsa zuwa teku ba ta kai rabin tsohuwar ba. Da an bar shi, da Baton Rouge da New Orleans sun wayi gari a bakin matacciyar ƙorama mai gishiri, tashoshin jiragen ruwa da matatun mai da ruwan sha duk sun tafi. Don haka a 1963 aka kammala wata katafariyar madatsa a Old River, doka ta ce kashi 70 na ruwan ya bi tsohuwar hanya, kashi 30 ya bi Atchafalaya. A ambaliyar 1973 saura ƙiris ruwa ya tumɓuke ta. Tana nan dai har yau, an ƙara mata wasu gine-gine.

An ci nasarar ɗaure kogin, kuma nasarar ce ke cinye jihar. Lakar da a da take bazuwa a dausayi yanzu jinga na raka ta har bakin teku mai zurfi ta zube a banza. Madatsun da aka gina can sama a kogin Missouri sun rage lakar kanta da kusan rabi. Ƙasa kuwa ba ta daina lotsawa ba. Sai man fetur ya ƙara nasa: an fara haƙo shi a Jennings a 1901, kamfanoni suka tsaga dausayin da dubban kilomitoci na magudanai don shigar da kayan haƙa da bututu, ruwan gishiri ya biyo su ya kashe ciyawa da itatuwan da saiwarsu ke riƙe ƙasar. Ga kuma teku na ƙara tasowa. Daga 1932 zuwa 2016 jihar ta yi asarar ƙasa fiye da murabba'in kilomita 5,000, abin da ya fi jihar Legas faɗi. Akwai maƙabartu da gonaki da sunayen wurare da yanzu sai dai a nuna su daga cikin kwale-kwale.

Dausayin nan shi ne garkuwar da ke rage ƙarfin tumbatsar teku kafin ta kai gari. Ranar 29 ga Agusta 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta zo ta tarar garkuwar ta zaizaye. Ya kamata a faɗi abin yadda yake: ba iska ce ta nutsar da New Orleans ba, katangun magudanan ruwa da gwamnatin tarayya ta gina ne suka karye, wasunsu tun ruwa bai kai tsayin da aka tsara za su iya ɗauka ba. Kashi 80 na birnin ya nutse, mutum sama da 1,000 suka mutu a jihar, da yawansu tsofaffi. Unguwannin da suka fi shan ruwa su ne waɗanda aka gina a tsohon dausayin da injina suka tsotse tun farkon ƙarni na 20, ƙasar ta bushe ta lotsa ta zama kwano. Da aka zo rabon tallafin sake gini, sai aka auna shi da darajar gida kafin guguwa maimakon kuɗin gyara, alhali gida a unguwar baƙaƙe ba ya daraja kamar irinsa a unguwar Turawa ko da bulo ɗaya aka gina su. Birnin da ke da mutum kusan 485,000 a 2000 yana da kimanin 384,000 a 2020, kuma mafi yawan waɗanda ba su dawo ba baƙaƙe ne. An kashe sama da dala biliyan 14 an sake katange birnin, katangar kuma ta riƙe lokacin guguwar Ida a 2021. Garuruwan da ke wajenta sun sha ruwa.

Wanda ya bi gaɓar kogin tsakanin Baton Rouge da New Orleans, tafiyar kilomita kusan 135, zai ga matatun mai da masana'antun sinadarai fiye da ɗari, da yawansu a kan filayen tsofaffin gandayen rake, wasu har da sunan gandun. A tsakankaninsu akwai ƙauyukan da 'yantattun bayi suka kafa, jikokinsu na shaƙar hayaƙin, har ana kiran yankin zirin ciwon daji. Wata tsohuwar malamar makaranta a St. James, Sharon Lavigne, ta samu lambar yabo ta Goldman a 2021 saboda jagorantar mutanen garinta wajen hana kafa wata sabuwar masana'anta. Jihar na cikin manyan masu tace mai a Amurka, daga gaɓarta ake fitar da mafi yawan iskar gas da ƙasar ke sayarwa waje, tashoshinta na ɗauke da hatsin tsakiyar Amurka zuwa duniya, amma kullum tana sahun jihohin da suka fi talauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jihar ta san ciwonta. Tana da shirin ceto gaɓar teku na shekara 50 da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 50, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin ya fito ne daga tarar malalar man rijiyar Deepwater Horizon ta 2010, wadda ta kashe ma'aikata 11 ta yi kwana 87 tana tsiyaya. Wasu wuraren an riga an haƙura da su. Tsibirin Jean Charles, mazaunin jikokin Choctaw da Chitimacha da Biloxi, ya rasa kashi 98 na ƙasarsa tun 1955; a 2016 aka ware dala miliyan 48 don tashin mutanensa, a 2022 suka fara tarewa a sabbin gidaje can cikin tudu, nesa da ruwan da suke kamun kifi.

Babban aikin da masana suka fi sa rai a kansa shi ne a huda jingar da gangan a ƙasa da New Orleans, a sa ƙofa, a bar ruwa mai laka ya koma dausayin Barataria ya ci gaba da aikinsa na dā. An fara ginin a Agustan 2023 kan kuɗi kusan dala biliyan 3. Masu kiwon kawa da masu kamun jatan lande suka ce ruwan daɗi zai kashe musu sana'a, kuma ba ƙarya suka yi ba; kakannin wasunsu ne aka nutsar wa gidaje a 1927 da alkawarin diyya, don haka ba a yi musu adalci ba idan aka ce taurin kai ne kawai. A Yulin 2025 gwamnatin jihar ta soke aikin. Ni dai ina ganin kuskure ne, domin yashin da ake tsotsowa da inji a zuba a dausayi lotsawa yake yi bayan 'yan shekaru, sai an sake biya an sake zubawa, shi kuwa kogi kyauta yake kawowa kowace shekara. Shaidar tana yamma kaɗan, a bakin Atchafalaya da mashigar Wax Lake da aka haƙa a farkon shekarun 1940, inda ba a raka lakar zuwa zurfin teku ba. Tun bayan ambaliyar 1973 tsibirai suka fara ɓullowa a wurin, ciyawa ta kama, itatuwa suka tsiro, kuma har yanzu ƙasar tana ƙara shiga cikin teku.